Yadda Za Ka Ci Moriyar Kwamfutarka da Na'urar Sauraron Waƙa Kafin Ka Yi Tunanin Sayen Sabuwa

Yawancin laifin da ake ɗora wa na'urar sauraron waƙa, tushensa yana cikin kwamfuta. Waƙoƙi su fito a hargitse, sunan mawaƙi ya rikiɗe ya koma alamun tambaya, wata waƙa ta yi ƙasa-ƙasa wadda ke bin ta kuma ta nemi fasa maka kunne, katin memori ya ƙi karantuwa: duk waɗannan a kwamfuta ake maganinsu, tun kafin fayil ya shiga na'urar. Don haka ka ɗauki kwamfuta a matsayin rumbu. A nan ainihin fayilolinka za su zauna cikin tsari. Na'urar sauraro, ko ƙaramar MP3 ce, ko tsohuwar iPod, ko waya, ko rediyon mota, kwafi kawai take karɓa. Ranar da kati ya mutu ko na'ura ta ɓata, kwafi ne ya tafi, asali yana nan.

Fara da lafiyar rumbun

Kafin ka taɓa waƙa ko ɗaya, duba abin da ke sa kwamfutar nauyi. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Performance, ka bar kwamfutar tana aikinta na kullum, ka zuba wa lambobi uku ido: CPU, Memory da Disk. Wanda ya maƙale a sama shi ne mai laifi, kuma kowanne da maganinsa.

Idan Disk ne ke zaune a kashi 100 alhali ba wani babban aiki kake yi ba, galibi kwamfutar tana amfani da tsohon faifai mai juyawa, wato HDD. Irin wannan faifai yana karanta megabait 100 zuwa 150 a sakan ɗaya idan fayil ɗin babba ne a jere, amma da zarar an ce ya tsinto ƙananan fayiloli a warwatse, sai gudunsa ya faɗi warwas, domin sai allurarsa ta yi ta kai-komo a kan faifan. SSD, wato faifai marar juyawa, mai mahaɗin SATA yana kai megabait 500 da ɗoriya, kuma babu allura a cikinsa balle ta yi yawo. Babu wani gyara guda ɗaya da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar maye gurbin HDD da SSD. Sai dai ka tabbatar da irin gurbin da ke cikin taka kafin ka saya: akwai mai inci 2.5 na SATA, akwai kuma siriri mai suna M.2, shi ma kashi biyu ne, SATA da NVMe. Suna kama da juna a ido, amma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. Littafin kwamfutar ko shafin kamfanin da ya ƙera ta zai faɗa maka. Za ka iya kwashe komai daga tsohon faifai zuwa sabo da Clonezilla ko manhajar da kamfanin SSD ɗin ya bayar, amma idan Windows ɗin ya shekara da shekaru yana tara tarkace, sa shi sabo fil ya fi.

Idan Memory ce ke haura kashi 85 da zarar ka buɗe shafukan intanet kaɗan, RAM ta yi kaɗan. Gigabait 4 a yau ƙunci ne. 8 ita ce mafi ƙarancin abin da zai ba ka sakewa. A wannan shafi na Task Manager za ka ga gurabe nawa ake da su da nawa aka cike. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka ko DDR3 ce, ko DDR4, ko DDR5, kuma ba sa shiga gurbin juna. A kula da DDR3L: tana aiki da bolt 1.35, ita kuma DDR3 ta asali 1.5, kuma akwai kwamfutocin da ba sa tashi idan ba a sa musu mai L ɗin ba. Wasu siraran laftof kuwa an liƙe musu RAM a jikin babban allon cikinsu, wato motherboard, babu abin ƙarawa.

Sai zafi. Kwamfutar da ke tashi da kuzari amma bayan minti ashirin ta fara jan ƙafa, fanka tana kururuwa, tana rage gudun kanta ne don kada ta ƙone. HWiNFO zai nuna maka zafin firosesa; idan yana taɓa digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Celsius a kan ƙaramin aiki, lokacin buɗewa ya yi. Kashe ta, zare caja, cire murfin ƙasa, ka zare wayar batir daga motherboard kafin ka taɓa komai. Ƙurar da ke kashe laftof ba wadda ke kan fikafikan fanka ba ce. Ɗaga fankar ka leƙa tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita: za ka tarar da wani dunƙulen ƙura da zare ya kwanta kamar tsinken auduga, ya toshe hanyar ruf. Ɗauke shi da ɗan hantsaki, ka share sauran da burushi mai laushi. Idan za ka hura iska, riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa shi ma yana bushewa bayan wasu shekaru; a goge tsohon da alkohol na isopropyl, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya, a ɗaure kusoshin bi da bi kamar yadda lambobin jikinsu suka nuna.

A sashen Startup na Task Manager, kashe duk manhajar da ba ka buƙata ta tashi tare da kwamfuta. Manhajojin da ke alƙawarin "hanzarta kwamfuta da dannawa ɗaya" kuwa, ka rabu da su. Mafi yawansu su ma nauyi ne. Abin da ya fi su amfani shi ne CrystalDiskInfo, wanda ke karanta rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa. Idan ya nuna rawaya, musamman a kan Reallocated Sectors ko Current Pending Sector, faifan ya fara mutuwa. Kwashe kayanka a ranar, kada ka ce sai gobe.

Wane irin fayil za ka ajiye

Sautin faifan CD yana zuba kilobit 1,411 a kowane sakan, wato kimanin megabait 10 a minti ɗaya. Fayil ɗin WAV haka yake ɗaukar sa ɗanye. FLAC yana matse shi ya koma kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Idan aka warware shi, daidai yake da asali har ƙwayar bit ta ƙarshe. MP3 da AAC da Opus kuwa zubarwa suke yi: suna yar da sassan sautin da aka auna cewa kunne ba zai lura da rashinsu ba, abin da suka yar kuma ya tafi ke nan har abada.

Daga nan kurakurai biyu suke fitowa, kuma kusan kowa ya taɓa yin ɗaya. Na farko, mutum ya ɗauki MP3 mai kilobit 128 a sakan ya juya shi zuwa 320 ko FLAC yana zaton ya ƙara masa kyau. Fayil ɗin ya kumbura kawai, sautin yana nan yadda yake. Na biyu ya fi muni: a juya MP3 zuwa AAC, daga baya a sake mayar da shi MP3. Kowane juyi sabon yanka ne a kan tsohon yanka, kamar hoton da aka yi wa fotokwafi aka sake yi wa kwafin fotokwafi. Alamar hakan tana fara bayyana a sautuka masu kaifi, irin su kuge da harafin "s" a bakin mawaƙi, sai ka ji suna wani kurɓe-kurɓe kamar a ƙarƙashin ruwa.

Tsarin da ya dace shi ne ka ajiye mafi kyawun abin da ka samu a kwamfuta, FLAC idan akwai, kana ka riƙa fitar da ƙananan kwafi daga gare shi don na'ura. Idan daga CD kake kwasowa, Exact Audio Copy ko fre:ac za su yi maka; na farkon yana sake karanta wurin da faifan ya karce har sai ya tabbata, kuma yana gwada sakamakon da rumbun AccurateRip don ka san ko kwafinka ya yi daidai da na sauran mutane. Don fitar da MP3, yi amfani da LAME, manhajar matse sauti zuwa MP3, a matakin V2, wanda ke ba da kimanin kilobit 190, ko V0 mai kimanin 245. Waɗannan matakai suna ba wa sashe mai cunkoson kayan kiɗa bayanai da yawa, su rage wa wurin da aka yi shiru. Mafi yawan kunnuwa, a kan mafi yawan lasifikoki, ba za su bambance V2 da asali ba.

Ga lissafin wuri, a kan waƙa mai minti huɗu. A 320 tana cin kusan megabait 9.6, don haka katin gigabait 32 zai ɗauki sama da 3,000. A V2 zai ɗauki sama da 5,000. A FLAC kuwa dubu ɗaya da 'yan kai. Idan magana ce zalla, kamar lacca ko littafin da aka karanta, kilobit 64 a layi ɗaya, wato mono, ya wadatar, awa guda ba ta kai megabait 30 ba. Ajiye magana a 320 ɓarnar wuri ce tsagwaronta.

Sunaye, inda yawancin hargitsi yake

Na'ura ba ta cika damuwa da sunan da kake gani a jikin fayil ba. Abin da take karantawa wasu bayanai ne da ke ɓoye a cikinsa: mawaƙi, kundi, sunan waƙa, lambarta, shekara, hoton bango. A MP3 ana kiran su ID3. Shi ya sa za ka gyara sunan fayil tsaf a kwamfuta, ka sa a mota, ta nuna maka adireshin shafin da aka sauke waƙar a matsayin sunan mawaƙi.

Mp3tag ce manhajar wannan aiki, duk da sunanta tana gyara FLAC da AAC ma. Ja folda gaba ɗaya ka jefa cikinta, zaɓi duk waƙoƙin kundi guda, ka rubuta mawaƙi da kundi sau ɗaya a gefen hagu, ka adana. Abu uku ne ya kamata ka tsaya a kansu.

Na ɗaya, rubutun suna ya zama iri ɗaya a ko'ina. Na'ura ba ta san cewa suna mai babban harafi da mai ƙarami, ko mai ɗigo da marar ɗigo, mutum ɗaya ne ba. Sai ta raba maka mawaƙi guda gida uku. Ko tazara ɗaya da ta ɓuya a ƙarshen suna ta isa ta jawo haka.

Na biyu, gurbin Album Artist. Kundin da mawaƙa da yawa suka haɗu a cikinsa yana tarwatsewa a na'ura, kowace waƙa ta zama kundi mai zaman kanta, matuƙar ba a cike wannan gurbi da suna guda ba. Bar gurbin Artist ya ɗauki sunan mai kowace waƙa, shi kuma Album Artist ya zama ɗaya a dukkansu.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar duk mai rubutu da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ, ko rubutun Larabci. ID3 iri-iri ne. Tsohon, ID3v1, haruffa 30 kacal yake ɗauka a kowane gurbi, kuma bai san waɗannan haruffa ba. ID3v2.4 shi ne na baya-bayan nan, amma tsofaffin na'urori da rediyoyin mota da yawa ba sa karanta shi. Tsaka-tsakin da ya fi karɓuwa shi ne ID3v2.3 da tsarin UTF-16. A saitin Mp3tag, ƙarƙashin Tags sai Mpeg, zaɓi wannan wajen rubutawa, ka sa ta cire ID3v1 da APE, wanda shi ma wani irin rubutun bayanai ne, domin idan fayil yana ɗauke da iri biyu masu saɓani, na'ura takan zaɓi wanda ba ka so. Idan bayan wannan har yanzu murabba'ai ko alamun tambaya ke fitowa a fuskar na'urar, to ita ce ba ta da siffar harafin a cikinta, kuma babu saitin da zai koya mata. Mafita ita ce a kwafin da za ka ba ta kaɗai ka mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d. Asalin da ke kwamfuta ka bar shi da rubutunsa daidai.

Hoton bango ma yana da nasa tarko. Hoto mai faɗin ɗigo 3,000 a cikin kowace waƙa yana cin wuri, yana kuma sa ƙaramar na'ura ta yi tsaye kafin ta fara waƙa. Ɗigo 500 zuwa 600 a kowane gefe ya isa. Kuma JPEG kala biyu ne: Baseline da Progressive. Na'urori da dama ba sa nuna na biyun, sai su bar gurbin fayau. Sake adana hoton a Baseline, zai fito.

Bayan bayanan ciki sun daidaita, Mp3tag za ta iya sake wa fayilolin suna ta kuma jera su folda-folda da kanta. A Convert, zaɓi Tag - Filename, ka rubuta:

%albumartist%\%album%\$num(%track%,2) - %title%

Wannan $num ɗin shi ke sa lamba ta zama 01, 02, 03. Ba ado ba ne: idan babu sifilin, na'ura za ta jera 1, 10, 11, 2, domin harafi-harafi take dubawa. Idan tarin waƙoƙin ya yi yawa kuma fitattu ne, MusicBrainz Picard na iya gane su daga sautinsu ya cike bayanan, amma duba abin da ya kawo kafin ka adana, yakan ɗauki wata fitowar kundin daban. Masu maimaici kuma, dupeGuru zai zaƙulo su.

Daidaita ƙarfin sauti

Kundin da aka naɗa shekaru arba'in da suka wuce da wanda aka fitar bana ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa hannunka ba ya barin maɓallin ƙara. Maganin shi ne ReplayGain. Manhaja kamar foobar2000 ko MusicBee tana auna ƙarfin kowace waƙa, ta rubuta a cikin bayananta cewa a rage kaza ko a ƙara kaza, ba tare da ta taɓa sautin ba. Akwai awon waƙa-waƙa, wanda ya dace idan kana cakuɗa su, akwai kuma awon kundi, wanda ke barin waƙa mai sanyi ta zauna da sanyinta kamar yadda aka tsara ta. Matsalar ita ce ƙananan na'urori da rediyoyin mota da yawa ba su san da wannan rubutu ba. A nan MP3Gain ke shigowa: yana canza ƙarfin a cikin fayil ɗin kansa, taki-taki na desibel 1.5, ba tare da sake matse shi ba, don haka kyawun sautin bai ragu ba. Bar shi a kan desibel 89 da yake zuwa da shi, ko ka ɗaga kaɗan. Idan ka kai shi sama sosai, ƙololuwar sautin za ta riƙa gutsirewa, ka ji waƙa tana tsatsagewa.

Katin memori da filashi

Kati mai gigabait 4 zuwa 32, wato SDHC, yana zuwa da tsarin FAT32. Daga 64 zuwa sama, SDXC, yana zuwa da exFAT. Tsofaffin na'urori da yawa FAT32 kaɗai suka sani, shi ya sa sabon kati lafiyayye zai shiga su ce babu komai. Sau da yawa idan aka yi wa babban katin fomat zuwa FAT32 sai ya yi aiki. Tagar fomat ta Windows ba ta ba da wannan zaɓi ga abin da ya wuce 32, sai ka nemi Rufus ko guiformat. Ka tuna fomat yana share komai, kuma ka duba harafin faifan sau biyu kafin ka danna. Iyakar FAT32 ita ce fayil guda ba zai wuce gigabait 4 ba, abin da ba ya damun waƙa.

Gwada kowane sabon kati kafin ka amince masa. Akwai na jabu da aka yi wa dabara yake ce wa kwamfuta shi 128 ne alhali cikinsa 8 ne. Yadda yake yaudara shi ne: kana zuba waƙoƙi yana karɓa, ba ƙorafi, sunayensu duk suna nan a jere da girmansu daidai. Sai ka zo saurare, na farko-farko su yi, na baya kuwa na'ura ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya, ko folda ta buɗe ka ga sunaye sun koma wasu baƙaƙen alamu. H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac, yana cika katin da bayanai ya sake karanta su, ya gaya maka ainihin abin da ya dawo lafiya. Yana ɗaukar lokaci, babban kati ma awanni, amma sau ɗaya ake yi.

Wani abin da ke ruɗa mutane: ka sa lambobi daidai, amma ƙaramar na'ura ko mota ta ƙi bin su. Irin waɗannan ba sa jera komai. Suna bin tsarin da aka rubuta fayilolin a kan katin, wanda ya fara shiga shi ne na farko. Windows kuwa ba lallai ya kwafa su a jere ba. DriveSort a Windows ko fatsort a Linux suna sake jera teburin katin bisa haruffa cikin 'yan sakanni. Duk lokacin da ka ƙara sababbi, sai ka sake.

Idan daga Mac aka kwafa, za ka iya ganin kowace waƙa ta fito sau biyu, ɗaya da ɗigo da ƙaramin layi a gaban sunanta, kuma ba ta kunnuwa. Ƙananan fayilolin bayanai ne da Mac ke ajiyewa. Umarnin dot_clean, da ake rubutawa a Terminal na Mac, yana share su. Idan kuma filashi ya shiga wata kwamfuta ya dawo foldoji duk sun koma gajerun hanyoyi, kada ka danna ko ɗaya. Ƙwayar cuta ce ta ɓoye na ainihin. Bayan manhajar tsaro ta share ta, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filashinka, foldojin za su bayyana.

Na'urar da aka jona ta yi caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba, fara zargin wayar USB ɗin da ka jona ta da ita. Akwai wayoyin USB da aka yi don caji kaɗai, babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsu. Idan waya lafiya take, duba saitin USB na na'urar: MSC yana sa ta fito kamar filashi, MTP kuma kamar wayar salula, kuma a wasu na'urori abin da ka zuba ta hanya ɗaya ba ya bayyana ta ɗayar. Kullum ka yi Eject kafin ka zare; FAT32 ba ya jure a katse shi yana tsakiyar rubutu.

Abin da ke isa kunne

Danna maɓallin Windows da R, rubuta mmsys.cpl. Zaɓi lasifikarka, shiga Properties, kashe duk wani "enhancement" da aka kunna, ka saurara. Sau da yawa waɗannan ƙawace-ƙawace su ke sa sauti ya yi kamar daga cikin tulu. A shafin Communications kuma, Windows yana zuwa da saitin rage sauran sautuka da kashi 80 idan ya ga kamar ana kira. Idan waƙarka tana nutsewa haka kawai, mayar da shi Do nothing.

Hedifon na Bluetooth da ke da daɗi a waya amma a kwamfuta ya koma kamar tsohuwar tarho, ba lalacewa ya yi ba. Wata manhaja ce ta buɗe makirufonsa, sai ya sauka daga layin kiɗa, A2DP, ya koma layin kira mai ƙunci. Rufe manhajar, ko ka zaɓi makirufon kwamfutar a matsayin na magana. Yankewar sauti kuma yawanci cunkoso ne: Bluetooth yana zaune a zangon gigahaz 2.4 tare da Wi-Fi, kuma mahaɗin USB 3.0 yana fitar da hayaniya a wannan zango. Mayar da Wi-Fi zuwa gigahaz 5, ko ka nisanta ɗan filashin Bluetooth daga faifan waje da ɗan tsawon waya.

Idan kana jin gurnani ko tsuwwa a lasifika duk lokacin da laftof ke kan caja, ka zare cajar ya ɗauke, hayaniyar lantarki ce ke bin waya. Jona laftof da lasifikar a soket ɗaya, ko ka sa ɗan abin raba layi da ake kira ground loop isolator. Ƙaramin DAC na USB, wato katin sauti na waje wanda bai fi yatsa ba, yakan kawar da tsuwwar da ke fitowa daga katin sautin cikin kwamfuta. Dubi kuma lambar om ta hedifonka, wato ma'aunin juriyarsa ga lantarki: 16 zuwa 32 kowace na'ura za ta tuƙa shi, amma mai 250 ko 300 zai yi ƙasa-ƙasa, ba ƙarfi ba armashi, sai da amfilifaya.

Game da ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage sassan sauti kamar bes, Equalizer APO kyauta ne kuma yana aiki a kan duk sautin Windows. Ƙa'idarsa ɗaya: ragewa ta fi ƙarawa. Idan ka ɗaga bes da desibel 6, sai ka rage Preamp da 6, in ba haka ba sautin zai tsage. Kunne kuma ba shi da kayan gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Abin kunne mai toshe hayaniyar waje ya fi kare ka, domin hayaniyar ce ke sa ka ƙara murya.

Tsohuwar na'ura da batirinta

Apple ya daina yin iPod classic a 2014, amma waɗanda ke hannu suna da sauran rai. Abin da ke fara mutuwa a cikinsu ƙaramin faifai ne mai juyawa, kuma ana maye gurbinsa da allon iFlash mai ɗaukar katin SD; na'urar ta yi sauƙi, batir ya ƙara daɗewa. Rockbox, manhaja ta kyauta da ake sa wa iPod da wasu na'urorin Sansa, tana ba su damar kunna FLAC, bin ReplayGain, da karɓar waƙa ta hanyar ja-ka-jefa ba tare da iTunes ba. Duba jerin na'urorin da take goyon baya a shafinta, ka tabbatar da ainihin samfurin taka, domin masu suna ɗaya sukan bambanta a ciki.

Batirin lithium abu biyu ya tsana: zafi, da daɗewa a cike ko a fanko. Tsakanin kashi 20 da 80 ya fi masa daɗi, kuma laftof da yawa suna da saitin tsayar da caji a 80 ga mai barin ta a jone kullum. Na'urar da za a ajiye watanni, a bar ta a kusan rabi, a riƙa waiwayarta. Don sanin halin batirin laftof, rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, ka buɗe fayil ɗin da ya fitar, ka gwada Design Capacity da Full Charge Capacity. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da ya zaizaye. Batirin da ya kumbura, har ya fara ɗaga murfi ko wurin shafa yatsa, a daina caja shi nan take, kada a danna shi, kada a huda shi, a kai inda ake karɓar irinsa.

Kwafi na biyu da na uku

Duk wannan aiki na gyaran sunaye yana zaune a faifai ɗaya, faifai kuwa ba ya sallama kafin ya tafi. Ajiye kwafi uku: na kwamfuta, na faifan waje, da wani a wuri daban ko a ma'ajiyar intanet. FreeFileSync yana gwada foldoji biyu ya kwafa abin da ya canza kaɗai, don haka bayan karon farko aikin mintuna ne. Ka kula da zaɓin Mirror, da takwaransa /MIR a robocopy, umarnin kwafi na Windows: suna mayar da ɓangaren dama ya zama daidai da na hagu, har da share duk abin da babu shi a hagun. Idan ka juya su, ko ka goge folda bisa kuskure kafin ka kunna, kwafin ma zai bi ta. Danna Compare tukuna, ka karanta jerin abin da za a share, kuma a saitin gogewa ka zaɓi Versioning, yadda duk fayil ɗin da aka cire zai koma wata folda ta daban maimakon ya ɓace. Faifan wajen kuma, da an gama a zare shi a ajiye. Wanda ke jone kullum, duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi.